Ƙarƙashin Tankin Ruwa

A gidan da Baba yake gadi, can Ilupeju,
masu gida suka tashi Turai da akwati goma sha ɗaya,
suka bar mana makulli, da kuɗin mai na wata uku,
da kare.

Ja ne, kunne ɗaya a karye,
daga bakin ƙofa kana ƙirga haƙarƙarinsa.
Ganyen mangwaro ya faɗo, ya saki fitsari.
Maƙwabta su tada janareta,
ya shige ƙarƙashin tankin ruwa
yana kakkarwa kamar mai zazzaɓin damina,
haƙora kaf-kaf-kaf.

Baba ya ce, "Wannan ai shi ya kamata a ɗaukar wa mai gadi."
Inna ta ce, "Ke Barira, kar ya raɓi butata."

Ni kuwa shekarata goma sha biyu,
wata biyar da baro Gumel,
ba Yarbanci, Turancina da ɗingishi.
In malama ta kira sunana a aji
ni ma tankin nake nema.

Sai na fara zama taku goma daga gare shi,
na ba shi baya, ina tsintar wake.
Ido yake tsoro. Tun ranar farko na gane.
Bayan mako, taku tara.
Kan kifi daga bukar Iya Ronke,
in ajiye, in kau da kai.
Wata biyu kafin ya yarda ya tauna ina wurin.

Na raɗa masa Sannu,
don ita kaɗai ce kalmar da bai taɓa guje wa ba.

Daren sabuwar shekara Ikko ta fashe.
Yara na cilla wuta, sama na tartsatsi,
shi kuwa ya kama ƙarfen tanki da baki
har jini ya ɗiga kan siminti.
Na naɗe shi tam da tsohon zanen Inna,
na ɗora tafina a ƙirjinsa,
zuciya na bugu kamar kwandastan danfo a jikin mota.
Ina ƙirgawa. Ina cewa sannu.
Har aka kira assalatu.

Wanki bakwai, ɗaya da ƙasa.
Gidan duk siminti ne,
daga tukunyar fulawa na ɗebo.
Inna ta fito, ta dube ni, ta dubi zanenta,
ba ta ce uffan ba.
Ita ta riƙa zuba mini ruwan.

Babu direban da ya yarda ya ɗauke mu.
A keken Mudi muka je Oko-Oba,
inda wata likita mai furfura a goshi
ta zauna dirshan a ƙasa da farar rigarta,
ta juya wa Sannu baya.
Numfashina ya tsaya.
Ashe abin nan da nake yi a ɓoye
aiki ne. Ana zuwa makarantarsa.

Shekara shida a Abeokuta.
Gwaggo Hansai, in na je gida:
"Ga likitar karnuka nan tafe."
Da tunkiyarta ta kasa haihuwa
a waya ta tashe ni ƙarfe biyun dare.

Sannu bai warke ba, kar in yi ƙarya.
Har ya tsufa tsawa na kai shi ƙasa.
Sai dai ya koyi fitowa in an ɗauke ruwa.
Ina aji uku Baba ya kira,
wai a ƙarƙashin tankin suka same shi,
ranar ba hadari, ba janareta,
inuwa kawai ya je sha.

Yau a Agege nake, ɗaki ɗaya da teburin ƙarfe.
Ɗazu wani yaro ya jawo mini baƙar karya da igiya,
ƙafafunta huɗu suna rawa.
Na ce ya saki igiyar.
Ɗakin bai kai taku goma ba,
shida ne, na auna.
Na je bango, na zauna,
na ba ta baya.